Me Ya Gabaci Kumburin Farko?



A watan Fabrairun 2017 wasu masana uku, Anna Ijjas da Paul Steinhardt na jami'ar Princeton da Abraham Loeb na Harvard, suka buga wata maƙala a mujallar Scientific American wadda ta tayar da ƙura. Sun kai hari ne kan ka'idar da aka fi dogara da ita wajen bayanin farkon sararin samaniya, wato ka'idar kumburin farko. Ƙorafinsu shi ne ka'idar ta cika sauƙin lanƙwasuwa, duk sakamakon da awo ya kawo sai a gyara mata zama ta dace da shi. Ba a jima ba sai ga martani mai ɗauke da sa hannun masana 33, cikinsu har da Stephen Hawking da mutum 4 masu lambar Nobel. Abin da ya ƙara wa rigimar armashi, shi Steinhardt ɗin yana cikin waɗanda suka tsara ka'idar tun 1982.

Idan aka tone rigimar har ƙasa, tambaya ɗaya za a tarar. Yaya al'amari yake kafin kumburin ya fara? Kuma wannan yanayi na kafin, ya bar sawu a cikin abin da muke aunawa yau, ko an share shi sarai? A kan wannan za mu yi magana.

Awon da ake da shi ya nuna shekara wajen biliyan 13.8 ke nan sararin samaniya yana buɗewa, daga wani hali na tsananin zafi da cunkoso. A farkon nan haske ba ya iya tafiya, da ya motsa sai ya ci karo da ƙwayoyin lantarki da ke yawo a sake. Sai da aka yi shekara kamar 380,000 zafi ya sauka, ƙwayoyin zarra suka haɗu, hanya ta buɗe, haske ya kama tafiya. Har gobe yana tafe, yana sauko mana ta kowace kusurwa dare da rana. Buɗewar sarari ta sanyaya shi har ya kai maki 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ido ba ya ganinsa, sai eriya.

Yadda aka gano shi ma abin dariya ne. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel, jihar New Jersey ta Amurka, sai wani "shuuu" ya hana su sakat. Suka juya ta gabas, yana nan. Suka juya ta yamma, yana nan. Suka leƙa ciki suka tarar tattabaru sun yi sheƙa sun ɓata wurin da kashi, suka kore su, suka goge. Ƙarar ba ta fasa ba. Ashe tsohon hasken nan suke ji. Wanda ya san talabijin ta da, mai eriya a kan rufi, ya san yayyafin nan fari da baƙi da ke cika allo idan tasha ta rufe. Ɗan kaso kaɗan na wannan yayyafi daga hasken yake.

Da aka auna shi da kyau sai ya zo da matsala. Zafinsa ɗaya ne ko'ina, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba. Ku ɗaga kai ku dubi wata daren sha huɗu, faɗinsa rabin digiri ne a sama. Ku jera wata huɗu kusa da kusa. A lissafin tsohuwar ka'ida, wadda babu kumburi a cikinta, duk wurare biyu da suka fi haka nisa da juna ba su taɓa musayar komai ba kafin hasken ya taso, domin ko haske, wanda babu abin da ya fi shi gudu, bai samu lokacin ƙetarewa ba. Ke nan sama ta kasu yanki dubbai da ba su san juna ba. To wa ya gaya wa gabas zafin yamma?

Akwai matsala ta biyu da Robert Dicke ya daɗe yana nanatawa. A ka'idar Einstein sarari kan iya lanƙwashewa, amma namu a miƙe yake, kuma miƙewa irin wannan ba ta da tsayayyar ƙafa: ɗan kuskure kaɗan a farko, sai ya yi ta girma. Don a samu abin da muke gani yau, dole a sakan na farko daidaiton ya kai kashi 1 cikin lamba mai sifili kusan 15. Wani matashin masani, Alan Guth, ya saurari laccar Dicke a jami'ar Cornell a 1978. A Disambar 1979, yana Kalifoniya, ya gano mafita, ya buga ta a 1981. A Mosko kuma Alexei Starobinsky ya riga ya fito da wani tsari mai kama da wannan a 1980. Andrei Linde, da kuma Andreas Albrecht tare da Steinhardt, suka gyara ɓarakar da ke cikin tsarin Guth a 1982.

Ga abin da ka'idar ta ce. A cikin wani ɗan yanki na sakan, gajeren da sai an raba sakan ɗaya gida 1 mai sifili 30 da wani abu kafin a kamo shi, wani irin makamashi ya cika sarari wanda turewa yake yi maimakon janyowa. Sarari ya ninka kansa, ya sake ninkawa, aƙalla sau kusan 90 a jere. Tsawo ya ƙaru da lamba 1 mai sifili 26. Duk abin da muke hange yau, gabas da yamma, daga ɗan mitsitsin wuri guda ya fito, shi ya sa zafinsu ya zo ɗaya.

Wanda ya taɓa kallon mai rufa ganga ya ga misalin. Zai ɗauko fata jiƙaƙƙiya, duk ta yamutse, ya ɗora a bakin icen, ya yi ta ja yana ɗamewa. Kan a jima tsakiyarta ta yi sumul. Ba mai dubanta ya ce ga inda ta naɗe ɗazu. Haka kumburi yake yi wa sarari: lanƙwasa, karkata, cunkoso a nan da sarara a can, duk ja ya shafe su. A 1983 Robert Wald ya tabbatar da haka da lissafi ga wani rukuni na yanayin farko, inda sarari ke buɗewa da sauri ta wani gefe fiye da wani. Daga nan aka samu kirarin da ake yi wa ka'idar, cewa ba ruwanta da abin da ya gabace ta.

Ba a kan kirari kaɗai ta tsaya ba. A 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov suka lissafa cewa 'yan ƙananan rawar da dokar kwantam ta wajabta, wadda ba a raba ko da sarari fanko da ita, kumburi zai ja ta ya mai da ita manya. Su ne irin da gungun taurari suka tsiro daga gare shi. Aka sake tantance lissafin a wani taro a Kambirij a 1982. Ka'idar ta ce tsohon hasken zai fito dabbare-dabbare, manyan tabo da ƙanana ƙarfinsu kusan ɗaya, amma manyan su ɗan fi kaɗan. Tauraron ɗan'adam COBE ya ga tabon a 1992. WMAP, wanda aka harba a 2001, ya ƙara fito da su. Planck na Turai, wanda aka harba a 2009, ya auna wannan ɗan fifiko. Da ƙarfin ɗaya ne cif, lambar za ta zama 1. Planck ya samu 0.965. A ganina duk mai cewa kumburi tatsuniya ce, sai ya fara yi mana bayanin wannan lamba tukuna.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kafin a ja fata, ai sai ta hau bakin ganga. Wald ya fara lissafinsa ne da ɗauka cewa makamashin turewa ya riga ya kama aiki. Me ya ba shi damar kamawa? Don kumburi ya tashi, ana bukatar wani yanki, ko yaya ƙanƙantarsa, inda wannan makamashi ya rinjayi komai, kuma yankin ya kasance lafiyayye daidai gwargwado. Wato ka'idar da aka kawo don ta bayyana dalilin daidaito, ita ma tana neman a ba ta ɗan daidaito na jari.

Roger Penrose na Oxford ya fi kowa daɗewa yana buga wannan gaɓa. Hujjarsa daga dokar zafi take, wadda ta ce hargitsi ƙaruwa yake yi, ba ya raguwa da kansa. Idan bayan kumburi sarari yana cikin tsari, to kafin kumburi tsarin ya fi haka, ba ƙasa ba. Ya ƙiyasta cewa samun farko mai tsari irin namu bisa katari daidai yake da 1 cikin wata lamba wadda ko a kan kowace ƙwayar zarra da ke sararin samaniya aka rubuta sifili guda, ba za a gama rubuta ta ba. A wajensa kumburi bai biya bashin ba, ɗage ranar biya kawai ya yi. Wajen 1990 kuma Dalia Goldwirth da Tsvi Piran suka gwada a kwamfuta, suka ga a wasu tsare-tsaren idan farkon ya cika gargada kumburi ba ya tashi sam.

Linde yana da amsa tun 1983. A tsarinsa kumburi na iya tashi tun a matakin makamashi mafi ƙololuwa, inda ɗan wuri mafi ƙanƙanta ya isa. A cikin hargitsin farko, in ji shi, ko wuri ɗaya tak ya dace, shi zai kumbura ya mamaye komai, sauran su zama ba a bakin komai ba. Amsa ce mai kyau. Sai dai awo ya zo ya yi mata illa, kuma labarin yadda hakan ta faru ya cancanci a tsaya a kansa.

Kumburi mai ƙarfi yana girgiza sarari kansa, girgizar kuma tana barin wata murɗaɗɗiyar alama a yadda tsohon hasken ke kaɗawa. Mafi sauƙin tsarin Linde ya yi hasashen ƙarfin wannan girgiza, idan aka gwada shi da ƙarfin tabon, zai haura 0.1. A ranar 17 ga Maris 2014 masu na'urar BICEP2, wadda aka kafa a ƙuryar kudancin duniya a Antaktika, suka yi shelar sun ga alamar, kuma ƙarfinta 0.2. Duniya ta ɗauka. Har bidiyo aka yi na ɗaya daga cikinsu yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan Linde don yi masa albishir. Kafin shekara ta zagayo, da aka haɗa awonsu da na Planck, sai ta bayyana ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ce ta yi musu shigo-shigo ba zurfi. Zuwa 2021 masu wannan aiki sun matse lambar: in ma akwai girgizar, ba ta kai 0.036 ba.

Wannan ya fitar da mafi sauƙin tsarin Linde daga fage. Waɗanda suka rage a gaba su ne irin na Starobinsky, masu hasashen 0.003 zuwa 0.004, waɗanda kumburinsu ke tashi a makamashi na ƙasa, bayan an ɗan jinkirta. A wannan ɗan jinkiri kuwa gargada na iya girma. Wannan ita ce hujjar da Ijjas da Steinhardt da Loeb suka fara kawowa tun 2013: tsare-tsaren da awo ya fi so su ne suka fi bukatar a share musu fage kafin su fara.

Magoya baya ba su yi shiru ba. A 2016 William East da Matthew Kleban da Linde da Leonardo Senatore suka buga sakamakon gwaji a manyan kwamfutoci, da cikakken lissafin Einstein. Suka fara da sarari mai tsananin gargada. Inda abu ya cunkushe ya rufta ya zama baƙin rami, amma sauran wuraren suka sarara, kumburi ya tashi. Katy Clough da Eugene Lim da abokan aikinsu a Landan suka biyo baya da nasu, suka ga abin ya danganta da irin tsarin: wasu suna jure gargada sosai, wasu kuwa ɗan tangarɗa kaɗan ke kashe su. Steinhardt da mutanensa suka ce ai gargadar da aka zuba wa kwamfutar zaɓaɓɓiya ce, suka yi nasu gwajin da ya ba da akasin haka. Kwamfuta dai abin da ka ba ta shi take dafawa.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suke tsaye a kan rairayi. Kowa yana cewa "abu ne mai sauƙin faruwa" ko "abu ne mai wuyar faruwa", alhali ba a yi sararin samaniya sau dubu a gabanmu ba balle mu ƙirga sau nawa ya kumbura. Dole a zaɓi hanyar ƙirga yiwuwa, kuma zaɓin ne ke yanke hukunci. Gary Gibbons da Neil Turok sun yi nasu ƙirgen a 2006, suka samu cewa damar a yi kumburi mai isasshen tsawo ba ta wuce 1 cikin lamba mai sifili kusan 80 ba. Bayan 'yan shekaru Abhay Ashtekar da David Sloan suka yi nasu, suka fara ƙirgen daga wani lokaci dabam, suka samu kusan tabbas ne. Tambaya ɗaya, amsa biyu da ba su ko ga maciji.  

Mu bar batun tashi, mu ce ya tashi. Tsawonsa fa? Nan ne maganar ta fi daɗi, domin nan ne ake iya dubawa. Mai ganga idan ya ɗame fata, tsakiya ce ke fara yin sumul, 'yar yamutsar da ta rage a gefe take maƙalewa. Idan kumburi ya zarce abin da ake bukata nesa ba kusa ba, to gefen ya yi mana nisan da ba za mu taɓa hango shi ba. Amma idan iya gwargwadon bukata ya yi, ninki 90 ɗin nan da ɗan ɗori, to mafi girman tabon da ke samanmu su ne waɗanda aka fara ja tun kumburi bai gama daidaita ba. Su za su riƙe labarin abin da ya gabata.

Abin mamaki, daidai wurin ne awo yake da ɗan tangal-tangal. Tun COBE aka lura mafi girman tabon sun yi rauni fiye da yadda aka zata. WMAP ya gani, Planck ma ya gani: a sakamakonsa na 2013 manyan tabon sun gaza da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Akwai kuma alamar rabin sama ɗaya ya ɗan fi ɗayan dabbare-dabbare, da wani sanyayyen tabo a sararin kudu wajen taurarin da ake kira Eridanus. A 2003 Carlo Contaldi da Marco Peloso da Lev Kofman da Linde suka nuna cewa idan kafin kumburi an yi wani ɗan zango na gaggawa, manyan tabon za su yi rauni kamar haka. Masu ka'idar da ke cewa sararin samaniya ya taɓa tsukewa ne ya kai maƙura sannan ya yi tsalle ya buɗe, irin su Ashtekar da Ivan Agullo da William Nelson, su ma sun lissafo cewa sawun wannan tsalle a manyan tabon zai fito.

To me ya hana a yi guɗa? Sama ɗaya gare mu. Ƙananan tabo miliyoyi ne, ana iya tara su a fitar da matsakaici mai ƙarfi. Amma mafi girman tsarin tabo da ake aunawa lambobi 5 ne kacal suka ƙunshe shi. Ko an ƙera na'urar da ba ta kuskure ko kaɗan, 5 ɗin nan dai su ne. Idan lambobi 5 suka zo da ɗan rauni, yana iya zama saƙo daga farkon zamani, yana kuma iya zama katari. A ma'aunin da masana ke gwada ƙarfin hujja, raunin nan ya tsaya tsakanin 2.5 da 3, su kuwa ba su cewa an gano abu sai ya kai 5. Ga kuma halin ɗan'adam na ganin abin da yake nema. Masanan WMAP da kansu sun nuna cewa a cikin taswirarsu akwai wurin da tabon suka yi kama da haruffan S da H, farkon sunan Stephen Hawking. Ba wanda ya ce sama ce ta sa hannu.

Haka batun lanƙwasa. Gajeren kumburi zai iya barin ragowarta. Idan sararinmu ya fito ne kamar kumfa a cikin wani sarari da ya girme shi, lissafi ya ce ragowar za ta kasance ta buɗaɗɗen sarari. A 2019 Eleonora Di Valentino da Alessandro Melchiorri da Joseph Silk suka ce awon Planck shi kaɗai ya fi karkata ga akasin haka, wato rufaffen sarari. Amma da aka haɗa da awon yadda gungun taurari suka bazu, sai aka koma ga miƙaƙƙe, kuskuren bai wuce kashi 2 cikin 1,000 ba. An kuma nemi zoben da karon kumfa da kumfa zai bari a taswirar WMAP a 2011, ba a samu abin kamawa ba.

Saura wata ƙofa da ba a cika faɗa wa jama'a ba, ni kuwa ita ta fi damuna. Lambar nan 0.965 da muka yaba, ba daga kumburi kaɗai ta fito ba. Kafin a lissafa ta, sai an faɗi halin da rawar kwantam take ciki tun farko. Abin da kowa ke ɗauka shi ne ta fara a mafi natsuwar hali, wanda ake jingina wa Timothy Bunch da Paul Davies saboda aikinsu na 1978. Zato ne mai ma'ana, amma zato ne. Jérôme Martin da Robert Brandenberger sun nuna a 2001 cewa idan kumburi ya ɗan yi tsawo, tabon da muke gani yau sun faro ne suna ƙasa da tsawon Planck, wato mita ɗaya a raba ta gida 1 mai sifili 35. A wannan ƙanƙanta ka'idar Einstein da ta kwantam ba su jituwa, kuma ba a da gwajajjiyar ka'idar da ta haɗa su. Ku lura da tarkon. Idan kumburi gajere ne, abin da ya gabace shi yana leƙowa ta manyan tabo. Idan dogo ne, tushen tabon ya faɗa inda lissafinmu bai kai ba.

Sai dai a yi adalci, nan awo ya taimaka. Da rawar ta fara a wani hali dabam, da an ga ƙarfin tabon yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto, ko a ga tabo uku-uku suna da wata alaƙa ta musamman. Planck ya nemi duka biyun bai samu ba. Saboda haka a matsakaita da ƙananan tabo zaton natsuwa ya ci jarrabawa. Abin da bai bayyana ba shi ne dalilin natsuwar.

Wani zai ce, to a ce kumburin bai da farko mana, tun fil azal yake yi, a huta. An rufe wannan hanya a 2003. Arvind Borde da Guth da Alexander Vilenkin suka tabbatar da lissafi cewa duk sararin da a jimlace buɗewa yake yi, idan aka bi shi baya sai an kai iyaka. Na san masu muhawarar addini da falsafa suna yawan jawo wannan sakamako, kowa ya ja shi gefensa. A yi hattara. Lissafin bai faɗi abin da ke iyakar ba, cewa ya yi daga nan kumburi ba ya iya bayanin kansa, sai an nemo wani ilmin. Vilenkin a 1982, da James Hartle tare da Hawking a 1983, kowa ya kawo shawarar yadda iyakar take, kuma shawarwarin biyu sun saɓa a kan wane irin kumburi ya fi yiwuwa: na Hartle da Hawking, a yadda aka fara fahimtarsa, ya fi son gajere ƙwarai, na Vilenkin ya fi son dogo. Ga misali ƙarara na yadda abin da ka ɗauka game da kafin yake sauya abin da za ka yi hasashe game da bayan.

Matsayina dai shi ne, masana 33 ɗin nan suna da gaskiya da suka ce ka'idar ta yi hasashe an auna an samu. Ijjas da Steinhardt da Loeb ma suna da gaskiya a wuri ɗaya: littattafan makaranta sun cika saurin cewa kumburi ya warware matsalar farko. Inda ban bi su ba shi ne cewa ba a iya gwada ka'idar. An gwada, har wasu tsare-tsarenta sun faɗi, na Linde mafi sauƙi yana ciki. Abin da ke iya faɗuwa jarrabawa ai ba a ce ba ya shiga jarrabawa ba.

Aikin da ke gaba shi ne a ƙara yawan shaidu a manyan ma'auni, tunda lambobi 5 sun yi kaɗan. Hanya ɗaya ita ce taswirar gungun taurari, wadda take da zurfi ba shafi ɗaya ba kamar tsohon hasken. Na'urar Euclid ta Turai ta tashi a Yulin 2023, SPHEREx ta Amurka a Maris 2025, ana kuma gina manyan eriyoyin SKA a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Hanya ta biyu ita ce yadda tsohon hasken ke kaɗawa, domin wannan shaida ce da ba ta dogara kacokan a kan zafinsa ba. Cibiyar Simons da ke hamadar Atacama a ƙasar Chile, a tudu mai tsawon fiye da mita 5,000, ta fara aiki a kan haka. Japan kuma tana shirin harba tauraron LiteBIRD a cikin shekarun 2030, wanda zai auna sama baki ɗaya, da burin kamo girgizar sarari ko da ƙarfinta bai wuce 0.001 da 'yan kai ba. Idan ya ga 0.003, tsarin Starobinsky ya samu babbar shaida, kuma tambayar yadda irin wannan kumburi ya samu tashi za ta ƙara matsawa. Idan kuma raunin manyan tabo ya sake fitowa a kaɗawar hasken, zai yi wuya a ci gaba da kiransa katari, sai a koma ga lissafin Contaldi da na Ashtekar a ga wanne ya fi dacewa da shi.